Wanda Ya Sunkuyar da Kan Babur

Da hantsi aka kira Sufeto Lahsen Ubaha: Yidir, ɗan tseren babur na garin Arfud, ya kife a filin rairayi, yana asibiti da karayar ƙugu. Kafin Sufeto ya iso, 'yan sandansa sun riga sun cafke Assu, makaniken Yidir. Su dai ba sa rasa wanda za su kama! In ba a gano gaskiya ba, gidan yari Assu zai tafi.

Sufeto ya tsuguna gaban babur ɗin. Sandunan shokozoba na gaba sun leƙo sama da mariƙinsu kamar yatsa biyu, wurin yana ta sheƙi, alamar kwanan nan aka tura su.

"Aikinka ne?" ya tambayi Assu.

"Yallaɓai, hauka nake yi? In ka tura sandunan sama, gaba ya sunkuya ke nan. Shan kwana zai yi sauƙi, amma a rairayi, kana ba shi wuta kan zai kama rawa har ya yar da kai. Mu nan ɗaga gaba muke yi."

"A ina babur ɗin ya kwana?"

"Gidan Hammu, baban Yidir, cikin gonar dabino."

Hammu ya tarbi Sufeto da shayin na'a-na'a, idonsa jawur.

"Ni manomi ne, ɗana. Ko inda ake zuba mai ban sani ba."

Sufeto ya kurɓi shayi, ya nuna wani tsohon babur jingine da dabino. Shi ma sandunansa sun leƙo sama.

"Wancan fa, Baba?"

"Na maƙwabci ne."

"Wane maƙwabci?" in ji matarsa Itto daga bakin ƙofa. "Ba da shi kake zuwa ban ruwa kullum ba?"

Sufeto bai matsa wa Hammu ba, ya ƙara wa kansa shayi.

"Kowa a gonakin nan haka yake wa babur ɗinsa," tsohon ya ce a hankali. "Hanyoyinmu matsattsu ne, ga dabino, ga magudanar ruwa. In ka sunkuyar masa da kai, sai ya ji maganarka. Tsoro nake ji wa yaron. Na ce bari in sa nasa ma ya ji magana."

"Rairayi ba gona ba ce, Baba. Ka kuma bari aka kama Assu."

"Na bari. Kunya ce ta hana ni."

Wallahi Sufeto ya tausaya masa, amma aiki aiki ne. Ya buga waya a saki makanike, ya buɗe wa tsohon ƙofar mota, ko ankwa bai ɗauko ba.

Hammu ya tsaya, ƙafa ɗaya a ciki.

"Ɗana, mu biya ta asibiti tukuna. Kada Yidir ya ji a bakin wani."