Ƙaramar Tukunyar Kuloci

Motar tana tsakiyar mayo, wato rafi, lokacin da Dorathy ta iso, ruwa ya kai rabin taya. Tsohuwar Land Kuruza ce ta ƙungiyar manoman ƙauyensu, can bayan Muchalla. Ita ke kai masara da wake kasuwar Mubi, in ciwo ya tashi kuma ita ce motar asibiti. Wisdom, mijin Dorathy, shi ne direban. Ba ta same shi ba, an riga an wuce da shi ofishin 'yan sanda.

Mutanen bakin mayo suka ba ta labari, kowa da gishirinsa. Da safe naƙuda ta yi wa Purity gardama, aka sa ta a mota. A tsakiyar ruwa Wisdom ya taka kuloci zai sauya giya, feda ta faɗi ƙasa ta ƙi tasowa, giya ta ƙi shiga, mota ta mutu. Aka ciccibo Purity aka ɗora ta a babur tsakanin maza biyu. Ita ta rayu. Jaririn bai zo da rai ba.

Purity matar ɗan Baba Elkana ce, shugaban ƙungiya, wanda motar ke kwana a gidansa. Shi ya kai ƙara da bakinsa. Ya ce ƙungiya ta sayi sabon kuloci na sama, Wisdom ya cire ya sayar, ya mayar da tsoho.

Dorathy ta gyara goyon 'yarta Mercy, ta tare ɗan acaɓa.

Ta tarar Sajan Habib yana yi wa mijinta tambayoyi. Wisdom na zaune a ƙasa, wandonsa bai gama bushewa ba.

"Yaushe ka fara jin canji a ƙafarka?"

"Tun bayan coci ranar Lahadi, Oga. Da farko ya yi tauri. Daga baya ya koma kamar ana taka katifa."

"Ka duba mai?"

"Kowace safiya. Tukunya a cike take."

"Wa ka faɗa wa?"

"Baba Elkana. Ya ce a bari sai ranar kasuwar shanu, a yi tafiya ɗaya."

Sajan ya ce wannan magana ce ta mutum biyu, ɗaya kuma yana cikin makoki. Dorathy ta roƙi a jawo motar a buɗe ta a gaban kowa. Ya ce mata ta koma gida ta kula da yarinya. Ta ce yarinyar tana bayanta, ubanta ne ba ya gida.

Washegari tarakta ta jawo motar zuwa garejin Ridwan a Sabon Layi, bakaniken da ya ɗaura kulocin. Shi ma sunansa ya shiga bakin mutane, don haka ransa a ɓace yake. Sajan ya tambaye shi ko sabon kaya ya sa, ko gwanjo ya wanke ya ɗaura. Ridwan ya ɗaga bonet, ya nuna kulocin sama, ƙarfensa na sheƙi, da ɗigon rawayan fenti a kan notin. Duk aikin da ya fita daga hannunsa haka yake yi masa, in ji shi, don kada a kwance a ce shi ne. Fentin bai tsage ba. Ba wanda ya sa sifana a wurin.

Ƙarar Baba Elkana ta faɗi a nan, amma Sajan ya ce har yanzu kuloci ya mutu, kuma direba ne ke da alhakin mota.

Ridwan ya bi abin daki-daki. Ya shiga ƙarƙashi ya duba kulocin ƙasa, a bushe. Ya bi bututun da yatsa tun daga sama, ba yoyo. Ya leƙa bayan feda, inda mai ke tsiyaya in robar ciki ta cinye, nan ma ƙura ce kawai. Sai ya ce ko iska ce ta shiga. Ya sa Sajan ya riƙa taka feda, shi kuma ya sassauta ɗan notin cire iska. Abin da ya fito ya yi kauri. Ridwan ya murza shi tsakanin yatsu.

Ya miƙe ya buɗe tukwane biyu da ke maƙwabtaka a jikin bangon inji, babbar ta birki, ƙaramar ta kuloci. Dukansu man birki suke sha. Robar murfin babbar lafiya lau. Ta ƙaramar ta kumbura kamar fanke, har ta ƙi komawa mazauninta.

Ya nemi ruwa. Dorathy ta miƙa masa kofin Mercy. Ya ɗiga man babbar tukunya, ya narke ya bi ruwan. Ya ɗiga na ƙaramar, ya taso sama ya yi ido-ido kamar man miya.

"Man inji ne," in ji Ridwan. "Shi ya kumbura robobin ciki har suka daina riƙewa. Yana ɗaukar kwanaki, shi ya sa ba a ji nan take ba."

Sajan ya ce to ga amsa, direba ya ga mai ya ragu, ya yi ciko da abin da ya samu.

Amma tun ɗazu idon Dorathy na kan wani abu. Daga gindin ƙaramar tukunya zuwa kan fenda, fentin motar ya yi bororo a jere, ɗigo bayan ɗigo. Ta tambayi Ridwan ko man inji na cin fenti. Ya ce ko kusa, man birki ne ke wannan aika-aika.

"To, Oga," ta ce, "in ba yoyo, me zai sa mai ya ragu har a yi ciko? Wannan fitarwa aka yi. Ga sawunsa, waje ya nufa."

Sajan ya tambayi wa zai saci man da bai cika kofin shayi ba. Dorathy ta sani, kuma sanin bai yi mata daɗi ba. A ƙauye ana shafa man birki a makero. Bara da Mercy ta yi shi a ƙeya, surukarta Mama Elizabet ta zo da shi a 'yar kwalba za ta shafa mata. Dorathy ta fizge yarinyar ta kai ta kemis, suka yi wata ba sa gaisawa sosai.

Don haka da ta koma, ɗakin Mama ta fara shiga. Tsohuwar ta saurare ta, ta ce tun ranar da aka nuna mata ba ta iya reno ba ta jefar da kwalbar. Ta ƙara da cewa ko ta so, yaushe ta iya buɗe bakin mota? Ai daga ciki ake ja, kuma makulli biyu ne, na Wisdom da na shugaba.

Duk da haka Dorathy ta tsaya a bakin famfo da yamma tana kallon kawunan yara. Masu makero suna nan, amma ba wanda fatarsa ta ƙone.

Sai ta tafi gaisuwa gidan Baba Elkana, don ba ta je ba tukuna. Matan da ke kan tabarma ba wadda ta matsa mata. Wata ta ce wa ta kusa da ita, da ƙarfin da za a ji, wasu ba su da ta ido. Dorathy ta gaisa a tsaye. Mercy ta ce fitsari, ta zagaya da ita bayan gida.

A can bijimin Baba yake ɗaure, wanda ake kiwo don kasuwa. Kirci, ciwon fatar shanu, ya ci masa doro da wuya. An kankare ɓawon, fatar ta saluɓe ta yi ja, gashin gefen ya zube. A kan katanga ga babban sirinjin allurar shanu da guntun tiyo a bakinsa. Kusa da injin ban-ruwa ga galan na man inji. Ta sunsuna tiyon. Warin man birkin da ta sha ji a hannun mijinta ne. Ta mayar da shi yadda ta same shi, ta ɗaga 'yarta sama don kada ta taɓa komai.

Washegari da hantsi Sajan Habib ya zo, bayan Dorathy ta kai masa labari. Ya matsa sauran abin da ke cikin tiyon a ruwa, ya narke. Ya ɗiga na galan, ya taso. Sannan ya jera wa Baba Elkana maganar a gaban masu zaman makoki. Ba a canza kuloci ba. Babu yoyo. An zuƙe mai aka maye da wani, kuma makulli biyu ne. Direba ya san abin da man inji ke yi wa roba, ba shi da bijimi, shi ne ma ya nemi a kai mota gyara. Wanda ya hana shi ne mai ɗaya makullin.

Baba ya ce sharri ne. Ya ce shekarunsa sun wuce a tsayar da shi saboda maganar yarinya. Sajan ya ajiye sirinjin a gabansa.

Can tsohon ya yi magana, muryarsa ta dushe.

"Ban taɓa na birki ba. Na san birki rai ne. Ƙaramar na ɗiba, na kuma cika ta. Mai ai mai ne."

"Da Wisdom ya ce feda ta canza fa, Baba?" in ji Dorathy. "Da kuma ka je ka ce ya yi sata?"

Bai dube ta ba.

Sajan ya ce da yamma za a saki Wisdom, Baba kuma za a tafi da shi ofis a Mubi. Matan tabarma suka sunkuyar da kai. Yanzu wuri ya samu, amma ba wadda ta ce wa Dorathy ta zauna, ita ma ba ta nema ba. Ta ƙara ɗaure goyonta.

Sai labulen ɗaki ya motsa. Purity ce, ta dafa bango, gaban rigarta ya jiƙe da nonon da ba mai sha. Ta daɗe tana kallon surukinta.

"Baba," ta ce a hankali, "bijimin ya warke?"