Fitila Biyu a Ɗakin Iya Masa'uda

Ku matso, ku rage murya. Wannan ba tatsuniya ba ce, don haka kada wanda ya ce ta zo mu ji ta. Hansatu da abin ya faru da ita tana nan da ranta, tana aikin jinya.

Hansatu tana da kaka, uwar ubanta, a wani ƙauye can arewa da ake kira Kwarin Ɗinya. Sunanta Masa'uda, ana ce mata Iya. Ubanta Bayahude ne, sunansa Mahalufu, ya gangaro daga Tarabulus tare da fatake yana sayen ƙirgi, ƙasar ta yi masa daɗi ya zauna. Ya auri 'yar Maguzawa wadda gidansu gidan bori ne tun kaka da kakanni. 'Ya ɗaya suka haifa. Uba ya koya mata addu'o'insa da tsare ranar Asabar. Uwa ta girka ta, ta bar mata iskokinta. Ita kuwa Masa'uda ta riƙe duka biyun, hannun dama da hagu, ba ta saki ko ɗaya ba. Ba ta haɗa nama da nono a ciki ɗaya, don ubanta ya hana. Amma takan kai wa tsamiya nono a ƙwarya, don uwarta ta ce a kai.

Ɗanta Ƙasimu ya musulunta yana saurayi, ya koma birni, ya yi karatu har ana ce masa Malam. Yana aika mata gero da atamfa, amma 'ya'yansa ba ya barinsu su kwana can. Sau uku Hansatu ta je, duk da rana, ta dawo da rana. Abin da ta sani game da tsohuwar bai wuce tsokana ba. In tsohuwar ta gan ta da jakar magani sai ta ce, "Ga ƙawata bokanyar Turawa. Ni da ke sana'a ɗaya, ke dai kin fi ni farin kaya."

Wata Juma'a aka aiko cewa Iya ta kwanta, kwana huɗu ba ta tashi. Malam Ƙasimu ya yi tafiya, sai gobe zai dawo. Hansatu ta bar masa saƙo, ta ɗauki jakarta ta shiga mota.

Motar ta yi faci a hanya. Sai bayan magariba ta sauke ta a mararraba. Daren Asabar ke nan ya shiga, kun san dare ke gaba da rana.

Direba ya leƙo. "Malama, Kwarin Ɗinya za ki?"

"Can za ni."

"Ga rumfar masu shayi, ga masallaci. Ki kwana mana."

"Tafiyar rabin awa ce. Mara lafiya gare ni."

Ya dube ta, ya dubi hanyar. "Allah ya tsare," ya ce, ya ja motarsa.

Hanyar ta bi ta cikin busasshen rafi, yashi har idon sawu. Hansatu ta kunna tocila. Babu wata. Babu kukan kare. Ko gyare bai yi ba.

Daidai tsamiyar da ke tsakiyar kwarin, sai ga mace a tsaye. Doguwa, da baƙin saƙi, ta lulluɓe kai.

"Sannu, 'yar Ƙasimu."

Hansatu ta tsaya cak. "Sannu, Inna. Kin san ni ne?"

"Tun kina goye. Mu je, hanyarmu ɗaya."

Suka jera. Matar tana gefen dama, amma in ta yi magana sai Hansatu ta ji muryar a bayan kunnenta na hagu. Ta ce a ranta iska ce ke juya sauti a cikin kwari. Ta haska ƙasa don kada ta taka wani abu, sai ta ga sawun matar. Yatsun suna kallon inda suka fito.

Amma ita ma'aikaciyar jinya ce, ta ga jariran da aka haifa da murɗaɗɗiyar ƙafa. Ta ce a ranta, Allah sarki, ba a kai ta asibiti tana ƙarama ba.

"Yaya jikin Iyan?"

"Jiki ya yi nisa," in ji matar. "Ga ta da taurin kai. Ba ta iya tashi, amma ta kunna wuta har biyu gab da gidan sauro. Ɗakin kuwa na ciyawa. Mun yi magana mun gaji."

"Ba wanda ya shiga ya kashe?"

"Mu ba ma shiga. Ke ce jininta." Ta juyo wajen Hansatu. "Ai ubanki ya koya miki."

Ya koya mata kuwa. A gidan Malam Ƙasimu ba a kwana da wuta. Kowane dare sai ya zaga yana cewa a rufe ƙwarya, a kashe fitila, wuta abokiyar gaba ce.

Da suka kai bakin dangar gidan, Hansatu ta juya ta yi godiya. Ba kowa.

Ta yi sallama a hankali, ta ɗaga asabari. Ɗakin yana warin man gyaɗa da jiƙo. Iya tana kwance, ta zama kamar kara, numfashi sama-sama. A kan wani ɗan kututture ga fitilun kasko guda biyu, an shimfiɗa musu farin ƙyalle, lagwani yana ci. Gefen gidan sauron yana lilo, tazarar tafin hannu tsakaninsa da harshen wutar.

Hansatu ba ta yi wani tunani ba. Ga tocila a hannunta, me za a yi da wuta? Ta sunkuya ta hure ɗaya.

Ta ja numfashi za ta hure ta biyu, sai aka cafke wuyan hannunta.

"Kul!"

Idon Iya a buɗe, tar. Ta dubi fitilar da ke hayaƙi, ta dubi jikarta.

"Ƙawata. Wa ya aiko ki?"

"Iya, gobara nake gudu. Wata mata ce a hanya ta ce..."

"Doguwa?"

"Doguwa."

Tsohuwar ta saki hannunta. Ta rufe ido. Can waje, nesa, wani abu ya fara kaɗawa a hankali, kamar garaya.

"Zauna nan. Kusa da wutar. Ki saurara, ba ni da numfashin maimaitawa." Ta haɗiye miyau da ƙyar. "Mutanen uwata suna da kwana shida a kaina. Su hau ni, in yi musu aiki, in ba marasa lafiya magani. Na bakwai ba nasu ba ne. Tun ranar da aka girka ni na faɗa musu. Ran Juma'a kafin rana ta faɗi in kunna biyun nan yadda ubana ya nuna mini. In suka ci suka mutu don kansu, gidan nan a rufe yake har taurari uku su fito daren gobe. Shekara sittin da wani abu, ba su taɓa tsallake dangar nan ran Asabar ba."

"To yanzu fa?"

"Yanzu jinina ya kashe da bakinsa. Kin buɗe musu."

"Me suke so?"

"Ke." Iya ta faɗa ba tare da ta ɗaga murya ba. "Ni tsohuwar goɗiyarsu na gaji, suna neman sabuwa. Kwana huɗu ina riƙe da raina don in kai yau. In na mutu a ranar Ubangijin ubana, ƙofa a rufe, gadon ya bi ni kabari. Ba wanda zai ɗauka. Sun sani. Shi ya sa suka tare ki."

Hansatu ta zazzage jakarta, ta sami ashana. Ta ƙyasta, ta mutu. Ta sake, ta mutu. Ta uku ko tartsatsi ba ta yi ba. Tocilar ma ta yi ja, ta ɗauke.

"Bari wahalar da kanki. Wadda aka kunna bayan rana ta faɗi ba ta Asabar ba ce. Wuta ce kawai."

Garayar ta matso. Yanzu har da caki, har da tafi, a hankali, kamar mata da yawa suna tafawa da hannu a cikin zane.

Sai Hansatu ta yi hamma.

Ba barci take ji ba. Ta sake yin wata, doguwa, har muƙamuƙinta ya yi ƙara. Wani sanyi ya sauka a ƙeyarta kamar an ɗora tafin hannu. Kafaɗarta ta hagu ta fara rawa ita kaɗai. Ta danne da hannu, ta ƙi tsayawa.

"Iya!"

"Karanta abin da ubanki ya koya miki. Da ƙarfi. Kar ki daina."

Hansatu ta kama Ayatul Kursiyyu. Asabarin ƙofa ya motsa. A ƙarƙashinsa ta ga dugadugai, jere, sun fi goma, duk suna fuskantar ɗakin.

"Masa'uda," aka ce daga waje, amma a bayan kunnen Hansatu. "Mun zo gaisuwa. An buɗe mana."

Tsohuwar da ta kwana huɗu ba ta tashi ba ta dafa bango ta zauna. Ta leƙa kaskon da ke ci. Man ya kusa rabi.

"Ɗaya ba ta isar mutum biyu," ta ce. "Wanda ya riƙe ta kaɗai take karewa, shi ma sai mai ya ƙare."

"To ki riƙe, Iya. Taki ce."

"In riƙe in kalle su suna hawanki?" Ta yi wata 'yar dariya marar sauti. "Ubanki ya gudu birni don kada ya gani. Ni zan gani?"

Ta miƙa hannu wajen fitilar, ta tsaya. Hansatu ba ta sani ba a lokacin, sai daga baya ubanta ya gaya mata: tun da tsohuwar nan ta yi wayo ba ta taɓa ɗaga wuta ran Asabar ba, ko da garwashi ne.

"Ubana ya ce in rai yana cikin haɗari, a karya Asabar," in ji Iya a hankali, kamar da kanta take magana. "Haka ya ce. Amma bai ce a ba wa waɗannan ita ba. Wannan ban san hukuncinsa ba."

Ta ɗauki kaskon ta ɗora a tafin Hansatu.

"Ki kare ta da mayafi. Ki bi rafi har mararraba, can ƙasarsu ta ƙare. Kada ki yi gudu, za ta mutu. Ko ni kika ji ina kiranki, ba ni ba ce."

"Ke fa?"

"Ni zan ba su abin da suka yi shekara sittin suna roƙo. Ba za su bar shi su bi ki ba."

Ta rufe idonta da tafin dama, ta faɗi wasu kalmomi da harshen ubanta, gajeru. Sannan ta miƙe tsaye. Ta ɗaure zane a ƙugu. Ta ɗaga asabari da kanta, ta ce da wata murya da Hansatu ba ta san tana da ita ba:

"Ga ni. Yau ma taku ce. Ku bar mini yarinya."

Garayar ta ɓarke.

Hansatu ta fita ta gefenta, ido a kan wutar. Ta ji zannuwa suna gogar ta, masu sanyi, suna matsawa. Ta wuce danga. Ta shiga yashi. Taku ɗaya, taku biyu. Kafaɗar tana rawa, man yana tangaɗi a kasko.

A gindin tsamiya aka kira ta.

"Ƙawata, dawo. Na faɗi. Zo ki ɗaga ni."

Muryar Iya ce sak, har da shaƙewar. Hansatu ta tsaya. Hawaye ya sauko mata har haɓa, ta kawar da fuska don kada ya ɗiga a lagwani. Ita da aikinta ɗaga waɗanda suka faɗi. Ta ciji leɓe, ta ɗaga ƙafa, ta ci gaba.

Tana taka kwalta, fitilar ta yi ƙyaf-ƙyaf ta mutu. Hansatu ta yi atishawa sau uku, kafaɗar ta tsaya. Mai shayi ya same ta a durƙushe a ƙofar masallaci, da kasko a hannu, ta kasa buɗe yatsunta.

Da hantsi Malam Ƙasimu ya iso. Suka tafi tare da mutane. Suka tarar da Iya a zaune a bakin ƙofarta, ta jingina, ta cika. Tsakar gidan kuwa an tattake ta kamar an kwana ana sussuka.

Mutanen gari suka taru. Liman ya ja Malam Ƙasimu gefe, amma kowa ya ji.

"Malam, kai ka san mahaifiyarka. A kan me ta cika?"

Malam Ƙasimu ya dubi 'yarsa.

"Ban sani ba, Baba," in ji Hansatu. "Na dai san ta ba da ranarta saboda ni."

Aka ce to, a yi sauri a rufe ta, rana tana yi. Malam Ƙasimu, mutumin da bai taɓa barin gawa ta wuce awa uku ba, ya ce a'a. Mutanen uban Iya ba sa haƙa kabari ran Asabar. Aka yi ta gunaguni, wasu suka tashi suka tafi. Shi kuwa ya ɗauke ta ya mayar ɗaki, ya lulluɓe ta, ya zauna a bakin ƙofa shi da Hansatu. Bai ci ba, bai sha ba, in ban da salla ba abin da ya tashe shi.

"Sun karɓe mata daren," ya ce. "Yinin ba wanda zai taɓa."

Sai da ya ƙirga taurari uku da yatsansa, sannan ya ɗauki magirbi don haƙa kabari.

Hansatu ba abin da ya sake taɓa ta har yau. Amma ku tambaye ta inda kakarta take, ku ga yadda fuskarta za ta koma.

Don haka in hanya ta kai ɗayanku Kwarin Ɗinya, rana ta faɗi masa a mararraba, ya kwana wurin masu shayi. Rafin nan ba a bin sa mutum ɗaya. Ku tashi ku kwanta, kowa ya yi addu'a.