Mai Rufe Baya

Muryarsa ta fara ji, ranar da ta kifar da jirginta a tsakiyar tafki.

Auta tana aiki ne a shagon buga takardu. Ranar Asabar ana tashi ƙarfe biyu, mai shagon ta bar mata makulli. Sai ta ja kujera gaban babbar kwamfutar, ta sa iyafis a kunne, ta shiga ƙungiyar masu tuƙin jirgin sama na kwaikwayo a intanet. Su goma sha biyar ne, kowa a garinsa, amma a kan allo jiragensu a jere suke tafiya. Ba ta cika magana ba. Jin muryoyin mutane ma ya ishe ta, don tun rasuwar Mama, da yayyenta suka watse, gidan ya zama daga ita sai Baba.

Wannan Asabar ɗin tafiyar jirage masu sauka a kan ruwa ce, daga tafki zuwa tafki. Auta ta saba sauka a ƙasa, don haka da ta zo sauka sai hannunta ya yi abin da ya saba, ta saki tayoyi. Suna taɓa ruwa jirgin ya yi adungure, ciki a sama.

Sauran sun riga sun yi nisa. Kunya ta rufe ta, har ta kai hannu za ta kashe kwamfutar.

"Auta, kin iya iyo kuwa?" wata murya ta tambaya, da dariya a ciki. "Ni ne Mai Firji. Koma farko, ina nan ina zagaye a samanki."

"Ka tafi kawai, zan ɓata maka lokaci."

"Ba dama. Ni ne mai rufe baya."

Dokar ƙungiyar ke nan: a kowace tafiya mutum ɗaya yana bin bayan kowa, ba ya sauka sai na ƙarshe ya sauka. Sau uku ta sake gwadawa, yana faɗa mata, "Tayoyi sama, hanci sama kaɗan, rage wuta." Da jirgin ya zauna lafiya a kan ruwa, ita kaɗai a shago ta tafa hannu.

Daga nan kullum ita ce ta ƙarshe, shi kuma yana bayanta. Ta ji cewa gyaran firji yake yi, a ɗakin bayan shagonsa yake kwana, abinci ma a tsaye yake ci don babu wanda zai zauna da shi. Hira ta koma waya.

"Kyaftin ɗina, yau firji huɗu na gyara, ban yi magana da kowa ba sai injin. Kin ci abinci?"

Sai da ta goge amsa sau biyu kafin ta tura: "Na ci. Kai fa ka zauna ka ci, Sanyina."

Wata shida ana haka, ta daure ta gaya wa Baba. Ya ajiye rediyonsa.

"Mutumin cikin kwamfuta? Wa ya san iyayensa? Ke da ko mai kawo takarda ba kya iya kallon idonsa, kin samo miji a wasan yara?"

Ta tashi ta kwashe kwanuka.

Asabar ta gaba wata sabuwa ta shigo ƙungiyar, ana ce mata Walƙiya, ga surutu ga dariya. Ta kasa sauka a tafki na biyu. Auta ta ji muryar nan da ta sani tana cewa, "Ina nan ina zagaye a samanki. Tayoyi sama." Kalma ɗaya bai canza ba. Auta ta isa tafkin ƙarshe ita kaɗai, ta zauna tana kallon ruwan allo har fankar shagon ta fara damunta. Ashe aikinsa yake yi. Kowa ma haka zai yi masa.

Asabar uku ba ta shiga ba. Tana rufe shago ta wuce gida, ita da Baba su zauna kowa da shirunsa. Saƙonsa ya zo: "Me na yi? Tafiya ba daɗi in ba na ganin jelar jirginki." Ta karanta ta kife wayar.

Anti Shugaba, dattijuwar da ke jagorantar ƙungiyar, ita ce ta kira ta.

"'Yar nan, ba ki san rufe baya karɓa-karɓa ba ne? Wata ɗaya ake yi, kowa gudunsa yake, don ba ka ganin komai sai jelar mutane. Wannan bawan Allah wata shida yana roƙon a bar masa. Kina daina zuwa ya ce a nemi wani. Sai in zana miki a takarda?"

Auta ta rufe fuska da mayafi, duk da babu mai ganinta. Ta rubuta masa: "Ka yi haƙuri. Ka zo ka ga Baba."

Ya zo, siriri, hannunsa duk tabon aiki, kawunsa na biye da shi. Ita tana bayan labule. Baba ya yi tambayoyi har shayi ya huce, sannan muryarsa ta sauka.

"Ba ƙin ka nake yi ba, yaro. Ita kaɗai ta rage mini. In ka ɗauke ta zuwa garinku, wa zan ce wa ina kwana?"

"Baba, firji a ko'ina lalacewa yake. Ni ba ni da kowa a can sai kawu, shi ma ya yarda. Na ga gidan da ke kallon naku babu kowa. In kun amince, kayan aikina zan kwaso."

Baba ya juya ya kalli labulen. "Auta, na san kina nan. Ƙaro ruwan zafi."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. 'Yan ƙungiya bakwai suka zo, ba wanda ya san fuskar wani, sai an yi magana a gane juna a fashe da dariya. Da za a raka amarya, tafiyar taku ashirin ce, amma Baba ya ce shi zai kai ta. A bakin ƙofa ya damƙa hannunta a na angon.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya cika gidan nan da hayaniya. Gobe da safe ina jiran sallamarku, ku biyun."