Kaye Mai Koren Zare

Balkissa ta juya kayen ɗalibarta Asma'u, ta sake juya shi.

Wannan littafin rubutun ba na kasuwa ba ne. Takardu ne aka tattara daga tsofaffin littattafai, aka ɗinke tsakiyarsu da keke, da koren zare, aka koma kan ɗinkin sau biyu a ƙarshe. Tela ɗaya ta sani mai rufe ɗinki haka: Huzaifa na unguwar Maourey, wanda saura wata guda a ɗaura musu aure.

"Asma'u, wa ya ba ki wannan?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai, ta ce mamanta ta hana ta faɗa.

Mamanta...

Safiatou kenan, matashiyar da mijinta ya rasu bara, mai dashen shinkafa a nan Saga. Nan take maganar Gwaggo Tabawa ta dawo wa Balkissa. Gwaggo ta rantse ta ga moton Huzaifa, babur ɗin nan nasa, a ƙofar wata bazawara, Laraba biyu a jere. A lokacin Balkissa dariya ta yi, don kowa ya san Gwaggo ɗanta Oumarou take yi wa sha'awarta. Inna, mahaifiyar Balkissa, kuwa ba ta yi dariya ba. Dama ba ta so 'yar ma'aikacin gwamnati, malamar makarantar lakwal guda, ta ƙare a gidan tela ba. Ta ce in maganar ta tabbata, a mayar wa su Huzaifa da akwatunan lefensu.

Da aka tashi daga lakwal, Balkissa ta kira Huzaifa a waya, ta tambaye shi inda yake wuni ran Laraba.

Ya ɗan yi shiru.

"Shago mana, rabin raina."

Shirun nan ya fi amsar yi mata ciwo.

Laraba da yamma babu lakwal. Ta laɓe bayan wani mangwaro daura da gidan Safiatou, tana jin kunyar kanta, amma ba ta tafi ba. Bayan la'asar sai ga moton, da buhu ɗaure a baya. Huzaifa ya shiga kamar wanda ya saba.

Ta bi shi, ta yi sallama da muryar da ba tata ba.

Ɗalibanta biyar ne zaune a tabarma. Huzaifa na durƙushe yana raba musu kaye. Suna ganinta suka miƙe, suka ɓuya bayan Safiatou.

"Shagon kenan?"

Safiatou ce ta shimfiɗa mata tabarma, ta yi magana a hankali, Hausarta na haɗe da Zabarmanci. Ta tuna mata makon da aka koma lakwal, ranar da Balkissa ta ce duk wanda bai zo da kaye huɗu ran Litinin ba, kada ya shigo mata aji. Shinkafa ba ta nuna ba lokacin, babu gidan da ke da hali. Sai iyaye suka riƙe 'ya'yansu a gida. Wata rana Huzaifa ya zo lakwal wurin Balkissa, ya tarar da Asma'u a bayan taga tana sauraron darasi. Tun daga nan yake roƙon masu kawo masa ɗinki tsofaffin littattafan 'ya'yansu, ya ciro shafukan da ba a rubuta ba.

Balkissa ta zauna. Ita don ta zaburar da iyaye ta faɗa, ba ta taɓa korar kowa ba. Da ta ga wasu kujerun ajin babu kowa, ta ɗauka korar tsuntsu suka tafi gona.

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Iyayen sun roƙe ni in rufa musu asiri. Kuma na san ki, Balki. In kika ji maganarki ce ta zaunar da su, ba za ki yafe wa kanki ba."

"Sai ka gwammace in zarge ka? Inna na shirin mayar da kayanka, Huzaifa..."

"Ƙaryar da na yi miki laifina ne. Ki yafe mini."

Ta share idonta da bakin mayafi, ta tambaye shi yara nawa ne. Ya ce bakwai. Zakari da ƙanwarsa Hafsat har yanzu ba su koma ba, don babansu ya ce wadda ta kore su ita za ta zo da ƙafarta.

Balkissa ta miƙe, ta ce Safiatou ta nuna mata gidan.

Suna tafe a jere kan kunyar gonakin shinkafa wayarta ta yi ƙara. Inna ce, tana son jin abin da ta gano.

"Na gano, Inna. Ni ce mai laifin. Ranar aure tana nan yadda aka sa."

Ta kashe wayar kafin Inna ta amsa. Can gaba wani dattijo, baban Zakari, na zaune a ƙofar gida yana gyaran lauje, ya ɗago ya dube su, bai yi murmushi ba.

"In shiga gaba?" in ji Huzaifa.

"A'a. Ka tsaya a bayana."

Ta cire takalmanta, ta durƙusa ta gaishe shi.