Hoton Ɗakin Awo

Sufeto ya iske gilashin ƙofar shagon ɗinki a tarwatse. Mai shagon tana zaune gaban keke da tsintsiya a hannu, ta kasa shara.

"Wa ya fasa?"

"Mijin wata mai kawo mini ɗinki ne, Yallaɓai. Kuma ban ga laifinsa ba."

Ta miƙa masa waya. Tallar maganin rage ƙiba ce. Ga matar mutumin nan tsaye da rigar ciki, an zagaye tumbinta da jan layi, an rubuta a ƙasa: "Kafin ta sha." Ko fuskar ba a rufe ba.

Sufeto ya yamutsa fuska. "A ina aka ɗauki wannan?"

Ta yaye labule ta nuna masa ɗakin awo. Bangon da ke cikin hoton ne, har da madubinsa mai tsaga.

"Ni na ɗauka, da yardarta, don in ga yadda riga za ta zauna mata. Na ajiye a shafin shagona na intanet, a ɓangaren da aka ce daga ni sai mai kaya ke gani."

"Wa ya ce miki haka?"

"Injiniya, wanda ya haɗa mini shafin. Da na ji arhar, na zaci na tsinci dami a kala."

"Kalmar sirrin shafin tana hannunki?"

"Ya ce ƙaramin tsari ba ya zuwa da ita. Ko lambar wayata zan canza, sai na yi ta roƙonsa."

Ofishin Injiniya wani ɗaki ne a saman shagon tayoyi. Kwanon abincin jiya yana kan tebur, ƙudaje suna biki. Shi kuwa ya sha turare kamar ya faɗa kwalba.

"'Yan kutse ne daga ƙasar waje, ranka ya daɗe," in ji shi, yana kaɗa kai. "Ni ma cuta ta aka yi."

"Ka san mai maganin nan?"

"Ko a mafarki."

Sufeto ya dubi allon tallar ofishin da ke bayan Injiniya, mai zanen walƙiya rawaya. Wannan walƙiyar ya gani, 'yar mitsitsiya, a ƙasan tallar maganin. Ya juya ya sauka.

Lambar wayar da ke kan tallar ce ta kai Sufeto da Sajan ɗinsa wurin mai maganin, ya tarbe su da fara'a a wani shago cike da kwalaben da ba su da suna.

"Da ƙafarta ta zo, Yallaɓai. Ta sha, ta ji daɗi, ta ce in sa hotonta."

"Madalla. Kira mini ita."

Mai maganin ya hau latse-latsen waya, gumi yana tsattsafo masa. Sajan ya ja kujera ya zauna a bakin ƙofa.

"Gaskiya ban santa ba," ya ce daga baya, murya ƙasa-ƙasa. "Babban tsarin talla na saya wurin Injiniya. Shi yana zuwa da hotunan mutane. Ban tambayi inda yake samowa ba."

"Da ƙanwarka ce, da ka tambaya. Injiniya zai ce ƙarya kake yi, don haka za ka yi mana aiki."

Washegari wata kofur ta sa kayan gida ta shiga ɗakin awo. Mai ɗinki ta ɗauke ta hoto, ta ajiye a ɓangaren nan da aka ce a kulle yake. Daga nan mai magani ya kira Injiniya a gaban Sufeto, ya ce yana son sabuwar fuska.

Kafin a tashi daga aiki saƙo ya shigo. Kofur ce, an riga an zagaye mata ciki da jan layi.

Tare da ita suka hau benen Injiniya. Injiniya ya dubi hoton da Sufeto ya ajiye masa, ya ɗaga kai ya ga mai hoton cikin kaki.

"'Yan kutsen sun iya zaɓe," in ji Sufeto.

Injiniya ya ɗaga kafaɗa. "To, ni ne. Amma a yi adalci, ranka ya daɗe. Araha ba ta ado. Abin da suke biya ko wutar ɗakin nan ba zai kawo ba. Ta ina zan ci? Hotunan mai ɗinki na masu maganin ƙiba ne, na mai gyaran haƙori na masu maganin warin baki. Ai ba wadda ta mutu."

"Matar nan ta daina fita ko ƙofar gida," in ji Kofur. "'Ya'yanta ana yi musu waƙa a makaranta."

"Zan goge."

"Daga wayoyin duk waɗanda suka tura wa juna?"

Sajan ya ɗaura masa ankwa, ya tattara kwamfutocin.

Suna kan matakala Injiniya ya waiwayo, ya sassauta murya.

"Ranka ya daɗe, na lura ofishinku ba shi da shafi. In aka sasanta, ni ko sisi ba zan karɓa ba."

Sufeto ya dube shi daga sama har ƙasa, ya tofar da yawu gefe.

"Sajan, sa shi a baya. Kuma a buɗe tagogin motar."