Tutar Da Kaka Smilja Ta Wanke

Ranar da Rastko ya fara ganin Dunja, makarantar su Rastko take zagi da lasifika a hannu.

A garinmu sakandare biyu ne. Ta fasaha tana da ƙungiyar magoya baya mai suna Masu Walda, ɗayar kuma tana da Mujiyoyi. Sau biyu a shekara ake karawa a ƙwallon kwando. Yara su cika ɓangarorin zaure biyu, mu kuma da gwiwa ta fara ba mu matsala mu zauna a tsakiya muna cewa a zamaninmu an fi iya ihu. Ba a fi ba.

Rastko ne mai gangar Masu Walda. Ya ɗaga kai ke nan ya hango yarinya mai jar hula tsaye a kan kujera, sai hannunsa ya manta aikinsa.

Da aka tashi, ta tare shi a bakin ƙofa.

"Kai ne makaɗin? Sau uku ka saki kiɗa. Har gangar ta ba ni tausayi."

"Wata ce ta cika mana kunne da murya kamar injin niƙa."

Ta yi dariya, ta karɓi lambarsa, wai don a riƙa shirya ƙofar da kowane ɓangare zai fita kada a yi faɗa. Ba su taɓa maganar ƙofa ba.

Iyayen Rastko shekara takwas ke nan suna aiki a birnin Graz, can ƙasar waje, sai hutu suke leƙowa. Shi da Kaka Smilja ne a gidan ƙarshe na bakin gari, inda bas ke juyawa. Shi ya sa Gojko, shugaban Masu Walda, ya ba shi ajiyar tutar ƙungiya.

"Gidanku ne ya fi dacewa," in ji Gojko. "Ba mai zuwa."

Yabo ne a wurinsa, kuma haka Rastko ya karɓa.

Tutar ta girmi duk yaran. Ba a wanke ta, domin hayaƙi da gumin da ke jikinta su ne tarihinta. Dokar kuwa kowa ya sani: ranar da abokan gaba suka rataye tutarku a kife a gaban jama'a, ƙungiyarku ta mutu, ba a sake ɗaukar sunan.

Duk lokacin hunturun nan wayar Rastko ce kawai ke magana a gidan.

"Makaɗina, me ka ci yau?"

"Wake. Jiya ma wake. Kaka ta ce gobe akwai canji, za ta sa albasa."

"Ka gaishe ta. Ranar Asabar zan zo in ga gidan da ba mai zuwa."

"Mujiyata, in kika zo sunan gidan ya ɓaci."

Ya karanta saƙon nata ya fi sau ashirin. Ranar Asabar ya shiga gari sayo kek. Kaka Smilja kuwa da ta ji za a yi baƙuwa, ta tashi da sharar da ba ta yi irinta ba tun bikin ɗanta. A ƙarƙashin gado ta ci karo da wani ƙyalle mai ɗan karen wari. Ta dafa shi a tukunya, ta cuɗa, ta shanya a kan shinge a bakin titi.

Da Rastko ya dawo, ba tuta, ba Dunja. Maƙwabciyarsu ta ce ai wata mai jar hula ce ta cusa shi a jaka, ta bi wasu samari masu kekuna.

"Ɗana, me ka rasa?" in ji Kaka. "In tsummar nan ce, ina da zanen gado sabo."

Ya zauna ya cinye kek ɗin shi kaɗai, ba don yana jin yunwa ba.

Saƙonta ya shigo da yamma.

"Rastko, wallahi ba abin da kake zato ba ne. Na gan ta a shinge, ga yaranmu uku suna tahowa za su kogi. Na ɓoye ta kada su gani, suka ce sai sun raka ni gida. Jakar tana ɗigar ruwa, Baba ya buɗe. Ka san shi ya kafa Mujiyoyi. Ya kulle ta a gidan burodi. Ka kira ni."

Bai kira ba.

Ranar Litinin Gojko ya karɓe gangar a gaban kowa. Ba wanda ya dake shi, da ma sun dake shi ya huta. A aji kujerar da ke kusa da shi ta zama ta ajiye jaka. A bas yakan zauna a baya har kowa ya sauka, ya rage daga shi sai direba. Da la'asar sai ya tsinci yatsunsa suna kiɗa a kan tebur, ya ɓoye su a aljihu. Mahaifiyarsa ta kira daga Graz ta ce, "Ka rame ne ko wayar ce?" Ya ce wayar ce.

Bayan mako uku wani saƙo ya zo.

"Asabar za su rataye ta. Na mayar musu da lasifikarsu. Ni ma yanzu ni kaɗai nake cin abinci. Ba sai ka amsa ba."

Washegari ya bi ta gaban makarantar su Dunja lokacin tara. Ga ta can a benci na ƙarshe, ba jar hula, tana gutsurar burodi tana kallon takalmanta. Ya san wannan zaman, shi ya fi kowa iya shi. Bai tsaya ba, ya zarce gidan burodin babanta.

Milorad yana jera burek, wato burodi mai nama a ciki, a faranti, tumbinsa duk fulawa.

"Barka da aiki, Kawu Milorad."

"Kai ne ɗan waldan da ya sa 'yata ta daina yi mini magana?" Ya goge hannu, ya shiga ciki, ya fito da tutar a naɗe. Sai ƙamshin sabulu take yi. "Shekara ashirin da shida ina jiran wannan ƙyallen. Amma 'yata ta fi shi. Ɗauki. Ba wanda zai rataye ta. Ka koma wurin abokanka, su mayar maka da gangarka. Amma ka goge lambar Dunja a gabana."

Rastko ya kalli tutar. Ya tuna kujerar da ke kusa da shi a aji, da tebur, da yatsunsa. Hannunsa har ya ɗan motsa.

"Ka riƙe ta, Kawu."

"Ka san abin da za su kira ka a garin nan?"

"Na sani. Ba ni burek biyu."

Ranar Asabar aka rataye tutar a kife a zauren wasa. Ɓangare guda ya ɗauki ihu, ɗayan ya fita ɗaya bayan ɗaya, wasu suna kuka. Rastko da Dunja suka zauna a tsakiya tare da mu tsofaffi, wurin da ba a yin tafi sai an duba ko baya zai yarda.

"Ka tsane ni?" ta tambaya.

"Na gwada. Ban iya ba."

Ta sa hannunta cikin aljihun rigarsa, ta kama nasa.

Shekara shida suka yi a haka. Ya zama mai gyaran wuta, ta zama malamar firamare. Gari bai manta ba: in ya shiga shagon kofi, abokansa na da sai su tuna suna da uzuri. Milorad kuwa sunan Rastko a bakinsa "wancan". Ko da ya amince da auren, ga Dunja ya faɗa, yana kallon tanda.

Ranar biki aka rataye tuffa a kan dogon sanda a ƙofar gidan amarya. A al'adarmu ba a fitowa da amarya sai ango ko wani daga mutanensa ya harbo tuffar. Ango yakan zo da abokai goma, wannan ya gwada, wancan ya gwada. Rastko ya zo da iyayensa da Kaka Smilja da bindigar aro. Mahaifinsa ko allura ba ya gani ba tabarau, tabarau kuma yana Graz.

Harbi huɗu, tuffa tana nan lafiya lau. Dangin amarya suka fara dariya.

"Ango, ko a sauko maka da ita?"

Dunja ta leƙo ta taga cikin farar riga. "Makaɗina, sama take!"

Na biyar ya tafi da tayil ɗin rufin maƙwabci. Rastko ya waiga bayansa, ba kowa sai iyayensa da Kaka tana addu'a.

Sai Milorad ya cire kwat ɗinsa, ya miƙa wa matarsa. Ya buɗe ƙofa, ya fito titi, ya tsaya a gefen ango.

"Doka ta ce wani daga mutanen ango," in ji shi. "Matsa, ɗana, kafin ka kashe mana wani."

Shi ma sau biyu ya yi kuskure. A na uku tuffar ta tarwatse, masu ƙaho suka busa, aka fito da amarya.

Kaka Smilja ta kama kawunan ango da amarya duka biyu, ta sumbaci kowa sau uku.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, ya cika muku gida da 'ya'ya, ku tsufa tare har ku gaji da juna."

"Amin," in ji Milorad, yana share ido da hannun riga. "Hayaƙin bindiga ne. Kowa ya shiga ciki, miya tana hucewa."