Sunana A Goshin Jirginsa

"Wilfrido, ka haukace ne?! Wa ka tambaya kafin ka rubuta?"

Yana tsaye cikin ruwa iya gwiwa, farcensa duk shuɗin fenti, yana min murmushin nan nasa da ya saba kashe min jiki da shi. A bayansa sabon jirginsa ne na kamun kifi, fari tas, wanda ya yi shekaru yana tara katakonsa. A goshin jirgin, da manyan haruffa, an rubuta DILIA.

"Zuciyata na tambaya, ƴar baƙata," ya ce. "Ta ce min rubuta."

"Ba wasa nake ba!"

"Ni ma haka. Fada ma ya zo daga coci da safe kina kasuwa, ya yayyafa masa ruwa, ya kira sunan. An gama."

A garinmu Punta Almeja, idan saurayi ya sa sunan mace a jirginsa, ya nemi aurenta ke nan a gaban kowa. Idan kuma Fada ya sa wa jirgi albarka da suna, ba a gogewa. Teku ta riga ta san shi da wannan sunan. Wanda ya canza, an ce ba za ta gane shi ba ranar da ya buƙaci ta mayar da shi gida.

Kawunsa Anselmo, wanda suke fita kamun kifi tare, yana zaune a kan yashi yana ɗinkin taru. Ya ƙyalƙyale da dariya.

"Amarya, fushin me kike? Ni matata sai da na roƙe ta kafin ta yarda in sa sunanta, ta ce jirgin nawa ya fi ta muni!"

Ban yi dariya ba. Na dubi Wilfrido hawaye na cika min ido.

"Mama fa? Ka tuna da Mama?"

Nan murmushin ya gudu daga fuskarsa.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu. Tun muna yara ta kanta ake miƙo gishiri, ta kanta ake miƙa shinkafar kwakwa ranar Lahadi. Ya san komai. Ya san jirgin Babana sunan Mama ne a jikinsa, Petrona. Ya san ranar da Babana ya fita da yayana Eulises ba su dawo ba, sai wani guntun katako da teku ta tofo, rabin sunanta a jiki. Tun ranar Mama ta rufe tagar da ke kallon teku, kifi ma ba ta ƙara sa shi a bakinta ba.

Kafin in isa gida labari ya riga ni.

Na same ta tana murza masarar arepa, wainar da muke sayarwa, ba ta ɗago ba.

"An ce an sa ki a ruwa."

"Mama, ban sani ba, na rantse..."

"Kina son sa?"

Na sunkuyar da kai. Ta ɗago ta dube ni, idanunta a bushe.

"Tambayarki nake, Dilia."

"Ina son sa, Mama. Kin daɗe da sani."

"Yaron kirki ne. A bayana ya sha barci yana jariri, lokacin da uwarsa ke zazzaɓi. Ban ƙi shi ba." Ta ci gaba da murza. "Ya goge sunan, in ba shi ke."

"Mama! Kin san ba a gogewa!"

"Na sani."

"To me ya sa..."

Ta buga hannu a kan tebur har kwano ya yi tsalle.

"Kin san abin da na ji a bakin mutanen garin nan? Petrona ta nitse! Petrona ta tafi da su! A kasuwa, a coci, a bakin famfo... Har yau in an kira sunana sai in ji kamar ni na haɗiye mijina da ɗana. Ke kaɗai ruwan nan ya rage min. Ba zan zauna ina ji ana cewa Dilia ta fita, Dilia ba ta dawo ba. Ba zan iya ba!"

Na durƙusa na riƙe ƙafarta ina kuka. Ta shafa kaina a hankali, amma ba ta janye maganarta ba.

Da yamma na ji muryar Doña Rosenda, mahaifiyar Wilfrido, ta kan katanga.

"Petrona! Fito ki faɗa min a ido! Ɗana kike so ki kashe?"

"Ƴata nake so in tsira da ita, Rosenda."

"Da ran nawa ɗan? Ni na wanke ki ranar da kika kasa tashi! Ni na dafa wa masu zaman makokinki!"

"Ban manta ba."

"Kin manta! Don taki ta ƙare a ruwa, sai kowa tasa ta ƙare?"

Na ji Mama ta shiga ɗaki ta ja ƙofa. Daga ranar babu abin da ya ƙara tsallake katangar nan, ko gaisuwa.

Kwanaki muka yi a haka. Ina haɗuwa da Wilfrido a bayan rumfar masu gyaran inji, mu zauna kamar waɗanda aka yi wa rasuwa.

"Mu tafi kawai," ya ce wata rana. "A birnin Cartagena akwai aiki. Mu ɗaura aure can, in ta huce mu dawo."

"In bar ta da wa? Da rufaffiyar taga?"

"Ni fa? Ki bar ni da wa?"

"Kada ka sa ni zaɓa, rabin raina... don Allah."

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Sannan ya ce, "Ba sai kin zaɓa ba."

Ban gane nufinsa ba sai washegari.

Ina dama kullu na ji hayaniya daga bakin ruwa, har da kukan mace. Na saki komai na fita da gudu, hannuna duk gari.

An jawo jirgin kan yashi. Wilfrido yana durƙushe a gabansa da ƙarfen kankare fenti. Maƙwabta sun yi cirko-cirko nesa da shi, babu mai matsowa. Doña Rosenda ta zube a ƙasa tana kiran sunan Budurwa Maryamu. Kawu Anselmo kuwa ya naɗe tarunsa ya saɓa a kafaɗa.

"Ɗana, ni na koya maka riƙe inji," ya ce. "Amma in ƙarfen nan ya taɓa sunan nan, ƙafata ba za ta ƙara hawa jirginka ba. Kuma babu ɗan garin nan da zai hau."

"Sai in fita ni kaɗai, Kawu."

Shi kaɗai! A tekun da maza uku ke fama da taru ɗaya!

Ya ɗora ƙarfen a kan harafin farko. Shi ma ya yarda da abin da kowa ya yarda da shi, tsoro ne fal a idonsa, amma ya danna.

Na faɗa kansa na riƙe hannun.

"Sake ni, Dilia."

"Ba zan sake ka ba!"

"Uwarki ta faɗi sharaɗinta. Zan cika."

"Sannan fa? Kullum da asuba in raka ka bakin ruwa kai kaɗai, in dawo in zauna ina jiran guntun katako? In zama Mama tun ban haihu ba?"

"To ya kike so in yi?!" Ya fashe da kuka a gaban kowa, namijin da ban taɓa ganin hawayensa ba. "Faɗa min! In bari, na rasa ki. In goge..."

"Ka bari."

Ya dube ni kamar bai ji ba.

"Ka bar sunan, masoyina. Ka fita da Kawu, ka dawo wa mahaifiyarka. Na fi so in riƙa ganinka kana wucewa ta ƙofarmu ba nawa ba, da a ce nawa ne kai kana ƙarƙashin ruwa."

"Dilia... kada ki yi min haka..."

Na zare ƙarfen daga hannunsa, na miƙa wa Kawu Anselmo. Tsohon ya karɓa, ya kasa haɗa ido da ni. A kan harafin farko akwai ɗan ƙaramin zane, siriri, inda ƙarfen ya fara ci. Na shafa shi da yatsa, garin masara ya maƙale a ciki. Na juya na tafi ban waiwaya ba, don na san in na waiwaya ba zan iya tafiya ba.

Mama tana tsaye a ƙofar gida. Ta ga komai. Ta buɗe baki za ta yi magana, na wuce ta na koma kan kulluna.

Bayan wasu shekaru Wilfrido ya auri wata yarinya daga tsibiri. Mai kirki ce, tana gaishe ni da ladabi, har arepa take saya a wurina. Ta kan katanga nake jin dariyar ƴaƴansu. Jirgin yana nan, duk shekara yana sabunta fentinsa, kuma ba ya bari kowa ya taɓa haruffan, shi yake bin su da hannunsa.

Mama ta tsufa, idonta ya yi rauni. Ni nake mata wanka, ni nake ba ta abinci. Ba mu taɓa tayar da maganar ba.

Amma duk yamma, lokacin da jirage ke dawowa, ina zuwa tagar nan da ta rufe, in ɗan tura ta kaɗan, daidai faɗin ido. Na san ƙarar injinsa a cikin dukkan injinan garin.

Jiya iska ta tashi, jirage suka shigo ɗaya bayan ɗaya, nasa shiru. Ina tsaye na ƙanƙame katakon tagar, sai na ji muryar Mama daga kan gado, can ƙasa-ƙasa.

"Ya shigo?"

"Tukuna, Mama."

Ina jin ƙarar ƴaƴan carbinta. Can sai farin goshin ya ɓullo ta bayan duwatsu, yana hawa yana sauka, shuɗin sunana a jiƙe.

"Ya shigo," na ce.

Ta sauke dogon numfashi, ta juya fuskarta bango.

"To rufe tagar, Dilia. Sanyi nake ji."